Saniyar Mai Yadi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin mahaifiyata, tsohon telan Kasuwar Omdurman, ya koma ga wanda ya yi shi. Ba mu kai shi maƙabarta ba, don hanyar maƙabarta ta masu bindiga ce yanzu. A filin ƙwallon unguwa aka haƙa masa, kusa da sauran waɗanda yaƙin nan ya ci. 'Yan'uwanmu na unguwar Kalakla, can ƙetaren Nilu, ba su samu ƙetarowa ba, sai ta waya suka yi mana gaisuwa, ita ma wayar tana yankewa.

Waɗanda suka samu zuwa kuwa, na gan su da idona. Mutum zai shigo, ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya zauna a tabarma, kafin ya gama gyara zama idonsa ya tafi gindin darbejiyar tsakar gidanmu, inda saniyar take ɗaure. "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma..." Wannan amma ɗin na ji ta har ta ishe ni. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Mutum da hankalinsa ya ba da ransa saboda dabba." Wani tsoho da Kaka ya yi wa ɗinki kyauta ba sau ɗaya ba, yana riƙe da kofin shayinmu ya ce, "Mai Ƙur'ani a ka, ƙarshensa ya ƙare a hidimar abin bautar wasu. Allah ka sa mu cika da imani." Wallahi saura kaɗan in ƙwace kofin.

Tun a ranar Kawu, babban ɗan Kaka, ya yanke magana: ranar sadakar uku za a yanka ta, a raba wa unguwa. Babu wanda ya ce a'a. Wa zai ce? Rabon yaran unguwar da nama har sun manta ƙamshinsa. Shi ya sa nake faɗin wannan, don in an tuna da shi a tuna da shi daidai, kuma a san ko ta wace ce saniyar nan.

Ban taɓa ganin mai tsoron wuta kamar Kaka ba. Ba wutar murhu nake nufi ba. In yana karatu bayan asuba ya zo kan ayar azaba, sai ya tsaya, ya sake farowa daga baya. Dutsen gugarsa na gawayi ne, ya ƙi na lantarki har ya mutu, kuma duk ranar da ya ƙona masa yatsa sai ya kalli yatsan ya ce, "Wannan fa ƙanwar ƙanwarta ce." Ba ya ƙona tururuwa, ba ya yarda a zuba ruwan zafi a rami. Ni kuwa jikarsa ce, abokiyar wasa, ba na raga masa. In ce, "Angona, wannan tsoro haka, me ka aikata da ƙuruciya da ba mu sani ba?" Ya ce, "Na auri mai baki irin naki, ai ya isa a tuhume ni."

Kekensa na ɗinki a barandar shagon wani Ba'indiye yake. Mu dai Mai Yadi muke ce masa. A Omdurman aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, Larabcinsa ya fi nawa daɗi, kuma ya tsinci Hausa a bakin Kaka, rabinta gaisuwa rabinta tsiya. Ɗan siriri ne, ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai. Shi zai sayar da yadi, ya nuna wa mai saye Kaka da haɓa. Tun suna samari suke haka. Da mijina ya tafi neman abinci Libiya na dawo gida da 'yata, sai na riƙa karɓar ƙananan ɗinki ina yi a ɗaki, in kai wa Kaka kasuwa da hantsi. A nan na san abin da tsofaffin nan biyu suke yi in kasuwa ta yi sanyi. Gardamar wuta suke yi.

Mai Yadi zai jingina da bandir ɗin yadi ya fara lissafo tasu. Sunanta Naraka, in ji shi, kuma sarkinta Yama, mai hawan ɓauna, shi ke yi wa matattu shari'a. Ba ɗaki ɗaya ba ce. Akwai inda ake jefa mutum a tukunyar tafasasshen mai. Akwai daji wanda ganyensa takubba ne, mai gudun rana ya shiga neman inuwa, iska ta kaɗa. Kowane laifi da ɗakinsa: na maƙaryaci daban, na mai cin amana daban. Kaka yana taka keke yana ji, ba ya ɗagowa, sai ya ce, "To, sannan?"

"Sannan in ka gama biyan abin da ka yi, ka fito. A sake haihuwarka."

"A matsayin me?"

"Gwargwadon aikinka. Kare, ko tsutsa. In laifin ya yi muni ƙwarai, tela."

Kaka ya yi dariya har zare ya tsinke. Ya ce, "Ashe taku gidan yari ce, ana shiga ana fita. Shi ya sa kake rage wa mutane taƙi a kowane yadi." Ƙarya yake masa, Mai Yadi ba ya rage ko zare. Wata rana kuma Mai Yadi ya zo da sabon labari, wai mabiya Buddha, can gabas da su, sun ƙara da wuta ta sanyi. Sanyin da fata take kumbura ta tsage, mutum ba ya iya kuka sai karkarwar haƙora, kuma ita ma ana daɗewa har lissafi ya ɓace, amma a ƙarshe ana fita. Lokacin bazara ne, kwalta tana narkewa. Kaka ya ce, "Rufa mana asiri kada 'yan kasuwar nan su ji, yanzu a yi rububin shiga." Sai kuma fuskarsa ta canja, ya ce a hankali, "Mu ma muna da Zamharira. Ba abin dariya ba ce."

A nan wasan yake ƙarewa kullum. Kaka zai tsayar da keke, ya juyo gaba ɗaya, ya ce, "Kalma ɗaya ce, abokina. Ka faɗe ta ko don ni." Mai Yadi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shayinka ya huce." Shekara da shekaru, ba wanda ya gaji, ba wanda ya motsa.

Abu ɗaya ne Mai Yadi ba ya wasa da shi, shi ne kogin. Ya ce kafin mamaci ya isa gaban Yama akwai wani kogi, Baitarani, ba ruwa ne a cikinsa ba, jini ne da mugunya, da abubuwa masu cizo. Babu gada, babu kwalekwale. Amma wanda ya ba da kyautar saniya ga mutumin ibada kafin ya mutu, saniyar nan za ta zo ta same shi a bakin kogin, ya kama wutsiyarta ta haye da shi. In yana faɗin wannan ba ya murmushi, Kaka ma ba ya tsokanarsa.

'Yan watanni kafin yaƙi ciwo ya kwantar da Mai Yadi. Wata safiya sai ga akori-kura a ƙofar gidanmu, da saniya ja da ɗan maraƙinta a baya, Mai Yadi a gaba 'ya'yansa sun tallabe shi. Haboba, wato kakata matar Kaka, ta leƙo ta ce, "Yau kuma me nake gani?" Aka sauke saniyar a tsakar gida. Mai Yadi ya ce malamin addininsu babu shi a garin, kuma ko da yana nan, shi bai san mai ibada kamar Kaka ba. Ya kama wutsiyar da hannu biyu, ya yi 'yan maganganu da yarensu, ya ɗauki igiyar ya miƙa.

Kaka bai karɓa nan take ba. Ya ce, "Ka san ban yarda da koginka ba."

"Na sani."

"Ka san mu yanka su muke yi."

"Na sani. Shi ya sa na kawo maka, ban kai wa wani ba. Kada wuƙa ta taɓa ta."

Kaka ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya ce, "Matuƙar ina numfashi." Ya karɓa.

Mai Yadi bai yi sati biyu ba ya mutu. Mutanensa suka kai shi wurin da suke ƙona matattunsu a bayan gari. Kaka ya bi su, duk da Haboba ta hana. Bai shiga ba, daga nesa ya tsaya har hayaƙin ya tashi. Ya dawo, kuma daga ranar bai ƙara kunna dutsen gugarsa ba, ni nake yi masa guga.

Sai yaƙi ya zo. Iyalan Mai Yadi aka kwashe su da sauran 'yan ƙasarsu, kasuwa aka wawashe, abin da bai ɗauku ba aka cinna masa wuta. Mu ba mu da inda za mu, muka zauna. Da farko saniyar rahama ce, don madararta ta riƙe 'yata da yaran maƙwabta. Kaka ya fitar da gadonsa ya shigar da ita ɗakinsa, ya toshe taga da buhu. Ranar da masu bindiga suka shigo gidan, maraƙin suka tarar a waje. Suka ɗauke shi, suka ɗauki katifu da tukunyar gas. Ɗaya ya doshi ɗakin, Kaka ya zauna a bakin ƙofar da carbinsa ya ce akwai mai amai da gudawa a ciki. Yaron ya toshe hanci ya juya. Ina tsaye ina roƙon Allah kada ta yi kuka. Ba ta yi ba sai da suka fita da ɗanta, sannan ta yi kwana da kwanaki tana yi.

Daga nan nonon ya ƙafe. Dusa ta ƙare, harawa babu. Mu kanmu sai abin da aka samo a takiyya, wato tukunyar taimako ta unguwa, inda ake bin layi da roba a karɓo wake ko adas, wani ɗan ƙanƙanin wake ja, wata rana a dawo da robar wayam. Saniya ba ta bin layi. Sai Kaka ya ɗauki lauje da buhu, kullum da sassafe ya gangara bakin Nilu ya yanko ciyawa. Bakin Nilu kuwa fili ne fetal, waɗanda ke ɗaya gaɓar suna ganin duk abin da ya motsa.

Liman ya zo har gida, da mutunci ya zo, don tare suka yi karatu. Ya ce, "Malam, alkawari gaskiya ne, amma wannan an gina shi a kan abin da ba mu yarda da shi ba. Ga yunwa. Ko mushe ya halatta a irin wannan hali, balle halal ɗinka." Kaka ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Liman. Ni ban ce akwai kogin ba. Shi dai ya tafi yana ganin akwai ni." Liman ya girgiza kai ya tashi.

Ni ban zo da mutunci ba. 'Yata ta kwanta zazzaɓi, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako, ta kalli adas ta kau da kai. Na same shi yana zazzage ciyawa a gaban saniyar, na manta da wasa, na manta da girma. Na ce, "Kaka, wai kai wane irin mutum ne? Jininka yana bushewa a ɗaki kana kiwon saniyar mamaci! Wutar da kake tsoro, kana ganin ba za a tambaye ka yarinyar nan ba? Mutumin nan toka ya zama, toka! Wace wutsiya zai kama?" Haboba tana jina daga madafa ba ta tsawata min ba, don ita ma abin da ke cikinta ke nan. Ta sha faɗa masa cewa ya mayar mata da ɗakin aure garke.

Kaka ya ajiye buhun. Ya shiga ya ɗauko kan kekensa da ya binne a bayan randa, abin da ya ci da mu da shi tun kafin a haife ni, ya saɓa a kafaɗa ya fita. Da la'asar ya dawo ba keke, da kaza a hannu da ƙullin magani. 'Yata ta sha romo, ta tashi. Har yau ban ce na yi kuskure ba, uwa ce ni, kuma shi ma bai taɓa cewa na yi ba. Amma mun yi kwanaki ba ya ce min amarya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi muka ji faɗuwar dana wajen kogi, wato ƙaton harsashin da suke harbowa daga nesa. Samarin unguwa suka kawo Kaka a kan ƙofar wani gida da suka ɓalle, ƙarfe ya shige shi a ciki. Wani a cikinsu ya haɗo har da buhun ciyawar, wai Kaka ya ƙi sakinsa. Asibitin da ya rage ba ya kaiwuwa. Muka kwantar da shi a inuwar darbejiya, wata ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta ɗaure abin da za ta iya, ta tattara kayanta ta tafi.

Bayan azahar hankalinsa ya dawo sosai. Ya ce a kira Kawu, ya ce masa, "Na ce wa mutumin nan matuƙar ina numfashi. In ya ƙare, ban ɗaura wa kowa ba. Ku kuka san yunwarku." Kawu ya fita yana share ido. Na rage ni da Haboba, tana masa fifita.

Ya ce, "Amarya."

Na ce, "Na'am, angona."

"Kin ce ya zama toka."

"Kaka, bar maganar nan."

"Tasu ana fita," ya ce. "Tamu..." Bai ƙarasa ba, ya rufe ido. Na ɗauka ya yi barci, sai ya ci gaba. "Na roƙe shi har na tsufa, ya ƙi. Allah ne ya san inda ya sa bawansa, ni ban sani ba, kuma tsoro nake ji. In uwarki ce zan nema mata gafara. In ubana ne zan yi masa sadaka. Shi ba a ba ni izinin ko ɗaya ba. To me zan yi wa abokina? Ciyawa kaɗai ta rage min."

Haboba ta daina fifitar. Kafin magariba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, ni shaida ce, kuma duk mai cewa wani abu daban ya zo ya same ni.

Ranar uku, tun da safe gidan ya cika fiye da ranar jana'iza. Mata da robobi a ƙarƙashin mayafi, yara a kan katanga. Ban ga laifinsu ba, wallahi ban gani ba, ni ma cikina kuka yake. Kawu ya zauna yana wasa wuƙa a bakin turmi. Samari biyu suka kwance saniyar, duk haƙarƙarinta a waje, ta biyo su ba gardama, tana sansanar hannunsu ko akwai ciyawa. Na tsaya a ƙofar madafa na kasa gaba na kasa baya. Da bakina na nemi wannan ranar, ga ta ta zo, kuma ji nake kamar ni za a kayar.

Sai muryar Haboba daga ɗakin takaba. Ba ta fito ba, labule kawai ta ɗaga.

"Liman yana nan?"

Ya ce yana nan.

"Matar mamaci tana da rabo a abin da ya bari, ko yaƙi ya cinye wannan ma?"

Ya ce, "Kina da tumuni, Hajiya."

"To ku riƙe gidan, ku riƙe duk abin da ɓarayi suka manta. Saniyar nan a sa min ita a tumunina."

Kawu ya ce, "Inna, shi da bakinsa ya sake mu. Ke ma kin ji. Ki dubi mutanen nan."

Ta ce, "Na dube su, kuma na ji shi. Ba sonta nake ba, ta cika min gida da ƙuda, ta kuma ci min miji. Amma tun ina yarinya nake zaune da mutumin nan, bai taɓa faɗin magana ta faɗi ƙasa ba. Ba za ku ci maganarsa da miya ran ukunsa ba. A dafa balila."

Balila dafaffen hatsi ce da gishiri, sadakar marasa hali. Ita aka dafa da ɗan abin da maƙwabta suka haɗa. Wasu suka ci, wasu suka tafi da robobinsu suna magana, kuma na san har gobe suna yi. Wata ta ce a kunnena, in ɗanta ya mutu da yunwa ta san gidan da za ta kawo gawar. Kawu ya soke wuƙar a jikin darbejiya ya fita, bai kwana a gidan ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya tsare shi daga abin da ya rayu yana tsoro. Abokinsa kuwa, na bar shi inda Kaka ya bar shi, a hannun wanda ya halicce su su biyun.

Washegari da sassafe Haboba ta kira ni. Mai takaba ba ta fita, Kawu ba ya nan, saniyar kuma ta fara kuka. Ta turo min laujen ta ƙarƙashin labule, da buhun, har yanzu da jininsa a gefe.

Na ce, "Haboba, ni fa ban yarda da kogin nan ba."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki? Ki bi ta bayan masallaci, kada ki miƙe tsaye in kin isa."

Na ɗaura ɗankwalina, na leƙa 'yata tana barci, na ɗauki laujen. Ƙotar ta lotsa daidai inda yatsunsa suke zama, hannuna bai cika wurin ba.